Haƙorin da Na Jiƙa a Madara

Jama'a, kafin ku fara yi min dariya, ku bari in ba ku labarin daga tushe. Ni ce budurwar da ta jiƙa haƙori a cikin kofin madara ranar Alhamis da hantsi tana kuka wiwi, alhali a bakinta ko haƙori ɗaya bai yi motsi ba. Har yanzu idan na tuna sai na toshe baki da mayafi.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma a gidanmu ba mai kiran sunana na gaskiya. Direba suke ce min. Kakana na wajen uwa ne ya laƙaba min, Allah ya jiƙansa. Shi direban jirgin ƙasa ne, shekara talatin yana jan taragu, da ya ajiye aiki kuma sai ya kasa rabuwa da dogo. Ya shiga tara ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannu ba, amma komai nasa sak na gaske, har fitila da usur. Ana jona su da lantarki su yi ta zagaya dogonsu. Ina da shekara goma sha uku ya rasu, kuma da bakinsa ya ce ni ya bar wa.

Suna nan a tsohon sito, bayan kicin. Teburin falanki ne babba, dogo ya zagaya shi sau biyu. Akwai gada, akwai tashar da na yi da kwalin takalmi, akwai bishiyoyin soson wanka da na rina kore, sai ramin ƙarƙashin dutse wanda asalinsa gwangwanin madara ne. Kan jirgi bakwai gare ni, taragu talatin da ɗaya. Duk Asabar nake goge dogon da farin ƙyalle da sifirit, in bi ƙafafun jiragen da tsinken goge kunne, in ɗiga musu man keken ɗinki da bakin allura, ɗigo ɗaya tak, don idan ya yi yawa ƙura yake kira. Burushin hodar da Yayata ta sayo min don in riƙa kwalliya, wallahi bai taɓa ganin fuskata ba, rufin taragu yake sharewa.

To, wannan sito shi ya kore min maza biyu. Na farkon da na nuna masa sai ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce ba komai, idan mun haihu sai in ba yaran. Na biyun bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya koma falo ya tambayi Umma cikin ladabi ko ana kai ni asibiti.

Sai Allah ya kawo Dakta. Gwaggona ce ta samo shi, ƙanwar Abba. Ta je cire haƙori ta dawo da suruki. Dogo ne siriri mai tabarau, yana magana a hankali kamar yana tsoron kar kalmar ta ji ciwo. Malama yake ce min. Wata biyar ke nan yana zuwa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Son da idan na ji tsayuwar motarsa a ƙofar gida nake manta inda na ajiye takalmina.

Tun zuwansa na farko Umma ta kafa doka.

"Ki saurare ni da kyau, Direba. Siton nan a kulle. Ko kalmar jirgi kar ta fito daga bakinki a gabansa."

"Umma, ai wata rana zai sani."

"Me zai sani? Ranar Asabar iyayensa za su zo wurin Abbanki. Ana gama magana za mu zuba tarkacen nan a kwali a kai wa yaran Yayarki. Mace da girmanki kina wasa da kayan yara!"

Yaran Yaya fa! Yaran da suka taɓa kwance fanka don su ga ta inda iska take fitowa. Na buɗe baki zan yi magana, Umma ta ɗaure fuska tamau, na haɗiye abina. Tun daga ranar nake yawo da abu biyu a ƙirji. Idan na nuna masa, ina tsoron ya bi sahun na baya. Idan na yi shiru, Kakana zai shiga kwali.

Ranar Alhamis ɗin, da yake muna hutun makaranta, na ce bari in shiga in yi sallama da su tun da sauran kwana biyu. Umma da Gwaggo suna falo suna ta shawarar labulen da za a canza kafin baƙi su zo. Na ɗaura tsohon zanina, na zura wata tsohuwar rigar Abba da nake aiki da ita, na lallaɓa na buɗe sito. Na yaye zanin gadon da nake rufe teburin da shi, na ɗora Mai Tari a kan dogo.

Mai Tari shi ne babba a cikinsu, baƙin kan jirgi mai jan ratsi, wanda Kaka ya fara saya. Idan zai tashi sai ya yi wani ƙoh-ƙoh kamar tsoho mai mura, shi ya sa sunan. Na murɗa maɓallin wuta. Ya yi tarinsa, ya ja taragu biyar, ya haye gada, ya shiga rami. Yana fitowa sai na ji ƙarat! Ya tsaya cak, injin yana ta kuka amma ƙafa ba ta juyawa.

Na kashe wuta, na kwantar da shi a kan tawul, na kwance cikinsa da ɗan sukudireba. A ciki akwai wata 'yar giya ta roba mai haƙora goma sha biyu, ita ke juya ƙafafun. Na ƙirga da gilashin ƙara girma. Goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, ni malamar lissafi, goma sha ɗaya dai. Can na hango ɗan guntun a gefe cikin baƙin mai, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Irin wannan giyar kuwa an daina yin ta tun kafin a haife ni. Sai kawai na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwa, abokin Kaka, shi nake kai wa jiragena idan sun gagare ni. A wayata na ajiye shi da Likitan Jirgi. Dakta kuma na ajiye shi da Likitan Haƙori. Kun dai fara gano inda aka dosa. Hawaye ya cika min ido, hannuna duk mai, na danna likitan da yatsana ya fara samu na rubuta:

"Salamu alaikum Likita. Haƙori ɗaya ya karye yanzun nan, ya fita gaba ɗaya. Na tsince shi. Tun ɗazu kuka nake. Don Allah kar Umma ta ji."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo.

"Subhanallahi! Kar ki taɓa wurin. Ki saka haƙorin a cikin madara yanzu-yanzu."

Madara? Na yi sororo. Da ina cikin hankalina da na tuna dattijon nan bai taɓa rubuta min saƙo ba a rayuwarsa, murya yake turowa, rabinta gaisuwa. Amma na ce mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran agogo ya fi ni sanin sirrin sana'a. Na saɗaɗa kicin, na dama madara a ƙaramin kofin gilashi, na dawo na ɗauki guntun da hantsaki na jefa a ciki.

"Na saka," na rubuta.

"Jini yana zuba?"

"Wane jini kuma? Wani baƙin abu ne dai ya ɗan zubo."

"Baƙi?! Ki zauna inda kike. Ga ni nan."

Na ce Allah sarki, tsoho mai zumunci, har zai rufe shago saboda ni. Na share hawaye da bayan hannu, ashe baƙin mai nake shafa wa kumatuna, na zauna ina gadin kofin madara.

Bayan kamar minti ashirin na ji tsayuwar mota. Na san kukan motar nan ko a mafarki. Na jawo wayar, na goge fuskarta da gefen zani, na kalli sunan da ke saman saƙon. Inna lillahi! Na miƙe, na koma na zauna, na sake miƙewa. Ta ina zan fita? Siton ƙofa ɗaya gare shi, kuma tana kallon hanyar falo.

Ina jin sallamarsa, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Umma, ku gafarce ni, ina take? Ina Malama?"

"Lafiya, Likita?"

"Haƙorinta ne ya fita. Ta ce kar a gaya miki, amma abin ba na ɓoyewa ba ne."

Umma ta saki salati. Gwaggo ta ɗora hannu a ka.

"Haƙori? Saura kwana biyu baƙi su zo? Na gaba ko na baya? Direba! Ke Direba!"

Kicin suka fara dubawa, daga nan kuwa taku uku ne zuwa sito, ga ƙofa a buɗe. Sai ga su su uku reras. Dakta yana gaba da farar rigarsa ta asibiti da baƙar jaka a hannu, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ni kuma ga ni tsaye cikin rigar Abba, ɗankwali ya zame, fuska baƙi-baƙi, bayana teburin da aka yi wata biyar ana ɓoyewa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Shi ko teburin bai kalla ba. Ya ajiye jaka, ya zura safar hannu, ya kunna 'yar tocila.

"Buɗe baki, Malama."

"Dakta, ka tsaya in…"

"Buɗe. Za ki yi bayani daga baya."

Na buɗe. Me zan yi? Ya haska sama, ya haska ƙasa, ya ce in cije, na cije. Umma tana leƙe ta kafaɗarsa ta dama, Gwaggo ta hagu. Ya ɗago a hankali, ya gyara zaman tabarau.

"Haƙoranki cif suke. Wallahi ban taɓa ganin masu lafiya kamarsu ba a makon nan. Ina wanda ya fita?"

Na nuna kofin madara da yatsa. Ya ɗaga shi sama wajen hasken taga, ya karkata, ya sa hantsakinsa ya tsamo ɗan baƙin guntun. Ya kalle shi, ya kalle ni.

"Na giya ne," na ce.

"Giya?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "A gidan yayana?"

"Giyar inji, Gwaggo. Ta cikin jirgi."

A nan ne ya juya ya ga teburin. Idonsa ya bi dogon, ya hau gada, ya sauka tasha, ya tsaya a kan Mai Tari da ke kwance a kan tawul cikinsa a buɗe. Na san kallon nan. Irinsa saurayina na biyu ya yi a cikin ɗakin nan, kuma tun ranar ban sake ganinsa ba.

"Na waye wannan?" ya tambaya.

Umma ta yi caraf. "Na yara ne, Likita. Jikokina. Ajiya suka kawo."

"Gobe ma za a kwashe," in ji Gwaggo. "Ita dai tsabta ce ta dame ta, shi ne take goge musu."

Ni ya juyo ya kalla. Umma tana bayansa tana zare min ido, tana girgiza kai. Wallahi da na ce e, shi ke nan, an wuce wurin. Har na buɗe baki zan faɗa. Sai idona ya sauka a kan Mai Tari, na tuna hannun Kaka a kan nawa ranar da ya fara koya min murɗa maɓallin nan, yana cewa a hankali, Direba, akwai mutane a ciki.

"Nawa ne," na ce. "Ba na yara ba ne, Dakta, nawa ne. Kakana ya bar min, shekara goma sha huɗu ke nan. Ni na gina tashar, ni na rina bishiyoyin. Duk Asabar ɗin da nake ce maka ina duba jarrabawar ɗalibai, rabin ranar a nan nake. Na ɓoye maka ne don ina tsoron ka tafi. Kuma saƙon nan ba kai na yi niyyar tura wa ba, mai gyaran agogo ne."

Umma ta runtse ido. Gwaggo ta ja wani dogon tsaki ta jingina da bango.

Dakta ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya mayar.

"Wato na bar marasa lafiya huɗu a kan benci, na tsallake ramuka kamar mahaukaci, kuma ma ba ni aka kira ba?"

"Ka yi haƙuri."

"Kika kuma saka shi a madarar?"

"Kai ka ce in saka."

Kafaɗarsa ta fara rawa. Na ce shi ke nan, irin na farko ne. Amma dariyar da ta fito ba irin waccan ba ce, don yana yi yana jawo kujerata, yana naɗe hannun riga.

"To tunda na zo, a nuna min mara lafiyan. Ya sunansa?"

"Mai Tari," na ce ƙasa-ƙasa.

"Sannu, Mai Tari. Malama, riƙe min tocila."

Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Ashe da ya ji haƙori ya fita, ya kwaso duk kayan da ake mayar da shi. Ya wanke giyar da sifirit ɗina, ya busar. Ya ce guntun ba zai koma ba, sabo za a gina. Ya matso wani farin abu kamar ƙullu, irin wanda suke cike ramin haƙori da shi, ya ɗora a gurbin da bakin wani siririn ƙarfe, yana daidaita shi da na kusa. Sannan ya haska masa wata shuɗiyar fitila, abin ya daskare nan take. Ya goge, ya gwada, ya sake gogewa. Ni ina riƙe da tocila, idona yana kansa.

"Malama, hasken a kan giyar nake so, ba a fuskata ba."

Gwaggo ta tuntsire da dariya. Ni kuwa kunya ta kusa kashe ni.

Ni na mayar da giyar da hannuna, don ya ce shi haƙori ya sani, bai san jirgi ba. Na ɗiga mai, na ɗaure cikin, na ɗora shi a kan dogo, na haɗa masa taragunsa biyar. Na yi bismilla na murɗa. Shiru. Sai ƙoh. Sai ƙoh-ƙoh. Sai ga ƙafafu sun juya! Mai Tari ya ɗauki hanya da farin haƙorinsa guda a ciki, ya haye gada, ya shige rami ya fito, fitilarsa tana haske. Na yi tsalle na buga ihu, na manta da wa ke wurin. Dakta ya durƙusa har haɓarsa tana taɓa bakin teburin, yana bin jirgin da ido kamar ba shi ne mai asibiti guda ba.

"Yana usur kuwa?" ya tambaya.

Na danna. Ya yi. Na rage wuta na tsayar da shi, ya ɗan wuce tashar da kamar tarago ɗaya.

"Ba haka ake tsayar da shi ba."

Duk muka juya. Umma ce. Umman da tun rasuwar Kaka ba ta taɓa kusantar teburin nan ba. Ta matso a hankali, ta ture hannuna daga kan maɓallin, ta murɗa. Jirgin ya zagayo. Tun yana kan gada ta fara rage wuta kaɗan-kaɗan, ya zo ya tsaya daidai ƙofar tashar, ko rawa taragun ba su yi ba.

"Tun daga gada ake ragewa," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Haka Baba yake yi. Ya ce akwai mutane a ciki."

Ta sa gefen mayafi ta goge ido. Ashe duk shekarun nan ba tsanar jiragen take yi ba, mahaifinta take gani a kansu. Na rungume ta, na shafa mata baƙin mai a kafaɗa, ta ce in sake ta ni ƙazama, amma ba ta ture ni ba.

Dakta ya tattara kayansa, ya ce marasa lafiyansa na gaske suna jira. A bakin ƙofar sito ya tsaya, ya kalli teburin, ya kalli ƙofar, ya buɗe hannuwa kamar mai auna wani abu. Ya yi sallama ya fita. Wannan aune-aunen ya tsaya min a rai. Gyaran jirgi daban, zama da mai jirgi daban. Wataƙila kirki ne kawai irin nasa, ya taimaka ya wuce. Na yi wanka, na sa doguwar rigata ruwan toka, na zauna a bakin gado da waya a cinya. La'asar ta yi, shiru. Gwaggo ta leƙo sau biyu tana tambaya ko ya kira.

Wajen ƙarfe biyar wayar ta yi ƙara. Likitan Haƙori.

"Malama, akwai matsala."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba.

"Na je gidan da na kama mana na auna. Teburinki ba zai shiga ta ƙofar ɗakin baya ba, ko an karkata shi."

Na ƙura wa saƙon ido. Sai wani ya shigo.

"Na kira kafinta. Gobe zai cire ƙofar ya faɗaɗa ta. Sannan haƙorin da na sa wa Mai Tari sai an riƙa duba shi kullum, don haka dole likitansa ya zauna gida ɗaya da shi."

Na kifa fuska a filo na yi ihun da ba mai ji. Na tashi na rubuta masa amsa, doguwa, wadda ba zan karanta muku ba ko za ku yi min kuka. Abin da zan gaya muku kawai shi ne sai da na duba sunan da ke sama sau uku kafin na tura.

Ina turawa na ji ƙoh-ƙoh daga bayan kicin, sai muryar Umma.

"Direba! Zo ki nuna min yadda ake mayar da shi baya. Kuma ki gaya wa Gwaggonki ta fitar min da kwalayen nan daga gida."